Daga Tsohuwar Tasha Zuwa Rigasa

Mu da muka tashi a kudancin kogin Kaduna, jiniyar jirgi ce agogonmu. Da ta yi kuka daga wajen Kakuri sai Inna ta ɗago kai daga bakin kasko ta ce, "Maza ɗauki tiren nan, na Ikko ya iso." Ina ɗan shekara tara a lokacin. Sai in ɗora tiren ƙosai a ka, in ratsa ta tsakanin taragan da aka ajiye, in isa bakin jirgi kafin ƙafafunsa su gama ƙugi.

Tashar Kaduna mahaɗa ce. A nan layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan yake gamuwa da wanda ya taso daga Legas zuwa Kano, don haka ba ta rabuwa da jama'a dare da rana. Goro da manja da ayaba su sauka daga kurmi, shanu da albasa da wake da fatu su gangara. Kakana, wanda ya yi aikin diga a shekarun 1920 lokacin da ake shimfiɗa layin Kafanchan, yakan zauna a gindin mangwaro yana ƙirga taragai. Shi ya fara gaya mini cewa dogo ya isa Kano tun 1911, kuma dogon ne ya riƙa kwashe dalar gyaɗa zuwa bakin teku. In ya ga an yi wa tarago lodi fiye da kima sai ya girgiza kai, kamar a bayansa aka ɗora.

Cinikinmu duk ta taga ake yinsa. Fasinja ya miƙo hannu, ka miƙa masa ƙosai a takarda, ya sako maka kuɗi a tire. Naira da kwabo sun shigo a 1973, amma bakinmu bai saki sule da sisi ba. A bakin tagar nan na koyi ƙirge da Yarbanci, na koyi gaisuwa da Ibo, tun ban iya rubuta sunana ba. Wata rana wani dattijo mai zuwa Nguru ya karɓi ƙosan sule biyu, yana laluben aljihu jirgi ya ja. Na bi shi da gudu har ƙarshen dandamali, na dawo ina kuka. Inna ta ce, "Share hawayenka, ba a cin haƙƙin yaro a kwana lafiya." Bayan mako uku sai ga shi ta taga yana tambayar yaron mai ƙosai. Ya ba ni sule biyu, ya ƙara mini da ƙullin dabino.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to amma bara ma tana da nata. Jirgin da aka ce zai zo da la'asar yakan iso da asuba. Zafi, cunkoso, warin bayan gida, samari a saman tarago, duk mun gani. Sai dai lattin da ke ƙona ran matafiyi shi ne ribar Inna. Mutum ya shimfiɗa tabarma ya kwana a tasha, dole ya nemi shayi da burodi, ya nemi mai wankin takalmi, mai yankan farce, ɗan dako. Gidaje nawa ne suka ci tuwo da wannan jiran, Allah kaɗai ya sani.

Mutuwar tashar ba rana ɗaya ta zo ba. Tirela da tanka suka ƙwace kaya, manyan bas suka ƙwace fasinja. Jirgin kullum ya koma na mako, na mako ya koma sai an gani. Ciyawa ta rufe layi, awaki suka mai da inuwar taragai wurin kwana. Kasuwar da ke gefen tasha ta ci gaba da ci, amma a mota kayanta ke zuwa. Inna ta mai da kaskonta ƙofar gida, har ta rasu ba ta daina juyawa ba in ta ji ƙaho mai kauri. Da aka gyara tsohon layin aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a Disambar 2012, na je na tsaya a bakin dandamali. Jirgi ya zo, amma jama'ar da na sani ba su zo ba.

A watan Yulin 2016 aka buɗe sabon layi mai faɗi daga Idu a Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, aka kai tasharsa Rigasa, can yamma da gari. Nan arziki ya yi ƙaura. Da aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida a 2017, sannan satar mutane ta yi ƙamari a kan titin Abuja, sai manyan da ba su taɓa taka Rigasa ba suka san hanyarta. Aka faɗaɗa titi. Filayen da ake noman masara suka zama shaguna da gidajen haya, masu Keke da 'yan tasi suka samu abin yi. Mai fili ya yi dariya, ɗan haya ya ji a jikinsa.

Ɗana ne ya fara kai ni tashar Rigasa. Gini fes, kujeru a jere, tarago da sanyi kamar hunturu, cikin awa biyu da 'yan mintoci sai ga mu a tashar Kubwa ta Abuja. Tafiyar da a da sai ka yi guzuri. Ban raina ba, wallahi, gwiwoyina sun gode. Tun daga 2021 a waya ake yankar tikiti, abin da ya rage wa 'yan cuwa-cuwa kasuwa, ya kuma sa tsoho irina sai ya nemi yaro. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya ci rayuka aka kuma kwashe fasinjoji zuwa daji, jirgi ya tsaya har 5 ga Disamba. Wata takwas ɗin nan 'yan kasuwar bakin tasha sun ɗanɗana abin da Inna ta ɗanɗana. Da aka dawo sai tsaro ya ƙaru, sai da lambar katin ɗan ƙasa za ka hau. Wanda ya ga abin da ya faru ba zai ce a sassauta ba.

A tafiyata ta baya-bayan nan, kafin mu shiga get na hango wata yarinya da tiren dafaffiyar gyaɗa, tana tsaye nesa da shinge tana kallon masu jan akwati. Da na zauna sai hannuna ya kai ga taga yana laluben marfi. Ɗana ya ce, "Baba, me kake nema? Ai wannan ba a buɗe ta." Na ce masa ba komai.

Yanzu ana shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka aza harsashinsu a 2021, kuma sababbin tashoshi za su tashi a garuruwan da suke ratsawa. Roƙona ga masu zana su ƙarami ne. A yi shinge, a yi bincike, amma a ware 'yan rumfuna a cikin harabar tasha, a yi wa masu ƙosai da fura da gyaɗa rajista, a sa musu kuɗin da za su iya biya. Da kuɗin tiren nan aka saya mini littafin farko, kuma yarinyar da na gani a bayan shinge ita ma tana da ƙanne.