Kududdufi Da Rijiya: Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

A ƙarshen damina muka kai ziyara Samaru. Garin ya girma ne a gindin Cibiyar Binciken Aikin Gona da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Da mutane suka yawaita, sai gini ya yawaita. Kowane gini kuwa yana bukatar jar ƙasa, da marmara, da tsakuwa. Duk inda aka haƙa aka ɗiba, sai a bar rami. Damina ta zo ta cika shi, ya zama kududdufi.

A bayan wata unguwa muka tsaya bakin wani babban kududdufi. Ruwansa kore shar, ga shara an tara a gefe, ga lambatun gidaje suna kwarara ciki, yara kuma suna wasa kusa. Taku kamar ashirin daga nan muka shiga gidan wani dattijo, aka jawo mana guga. Ya ce tun watan Agusta ruwan rijiyarsa ya canja ɗanɗano, jikokinsa biyu kuma sun yi fama da gudawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ga dalili. Ƙasar Zariya tana zaune a kan dutse ne. A bisa dutsen akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara, waɗanda suke riƙe ruwan sama kamar soso. Daga nan rijiyoyin gidaje suke sha, shi ya sa yawancinsu ba su da zurfi sosai. Wannan ruwa ba a tsaye yake ba. Yana tafiya a hankali daga tudu zuwa gangare, har ya kai rafi. Da damina yakan taso kusa da bakin rijiya, ya haɗu da na kududdufi. Ashe kududdufi da rijiya ƙwarya ɗaya suke sha.

Daga Samaru muka kamo hanya ta Palladan da Kwangila zuwa Sabon Gari, garin da ya kafu bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Nan gidaje a cunkushe suke, fili ya yi tsada. An nuna mana wuraren da dā ramuka ne, aka cike su da shara, aka yi gini a kai. Ramin ya ɓace wa ido, amma sharar tana nan a ƙasa, ruwa yana ratsa ta. Abin da bai shiga rijiya ba ya gangara Kogin Kubanni, wanda ya taso ta wajen Samaru ya wuce ya faɗa cikin Galma.

To, ba a iya raba rami da ruwan ƙasa? Ana iyawa. A Ingila, a kwarin Kogin Temis, inda ake haƙar tsakuwa da yawa, sukan kewaye rami da katanga ta ƙarƙashin ƙasa. Sai a haƙa siririn gwalalo mai zurfi, a riƙa cika shi da kunun wani yumɓu mai kumbura, wai shi bentonait, domin kada gefen ya rufta. A ci gaba har a taɓa laka mai tauri a ƙasa, sa'an nan a cike shi da cakuɗen da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi.

Amma katangar ma tana da nata lahani. Ta tare wa ruwa hanya ke nan. A gefen tudu ruwa yakan taru ya taso, ƙasa ta jiƙe. A gefen gangare kuwa yakan ja baya, rijiyar maƙwabci ta ragu. Don haka sai an yi wa ruwan magudanar da zai kewaye. Aiki ne na injuna da kuɗi masu yawa, ya fi ƙarfin unguwa.

Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Kada mu haƙa rijiya a gangaren kududdufi ko na shadda. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar tsakani kamar mita 30. Mu sa wa rijiya zoben siminti, mu ɗaga bakinta, mu dafe kewayenta, mu yi mata murfi. Mu rataye guga, kada a yar da shi a ƙasa. Da damina, uwargida ta tafasa ruwan sha. In za a cike rami, a cike shi da ƙasa, ba da shara ba. A kuma hana yara wanka a ciki.

Da za mu tashi daga Samaru, dattijon nan ya ce zai tara maƙwabta su daina zuba shara a kududdufin. Ya ce, "Rijiyar tawa ce, amma ruwan namu ne duka." Mai karatu, kai fa, me ke bayan gidanka?