Ba Goro Ba Ne, Ruwa Ne

Ina koyar da manya karatu a nan Gure. A ajina akwai wata mata wadda ba ta dariya sai ta rufe baki. Haƙoranta sun yi ja. Ran nan na ce mata, "Yaya, a rage cin goro." Ta ce, "Malam, ruwan garinmu ne. A Tibirin Maraɗi na tashi." Kunya ta kama ni.

A shekarar 1985 aka fara ba Tibiri ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi. Ashe akwai wani sinadari, filiyor, da ya yi yawa a ciki. Kaɗan daga gare shi yana ƙarfafa haƙori. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 a lita. Na Tibiri ya ninka haka sau uku. Haƙoran yara suka ɓaci, ƙafafun wasu suka lanƙwashe.

Filiyor ba shi da launi ko wari. Tafasa ruwa ba ya fid da shi. Jama'a, in an haƙa mana sabuwar rijiya, mu nemi ma'aikatan ruwa su auna ta kafin ƴaƴanmu su sha.