Na Je Inda Buhun Shinkafarmu Yake Fitowa

Shekara goma sha biyu ina sayar da shinkafar Indiya a Kwatano, ban taɓa tambayar daga wace gona take fitowa ba. Sai da kayana suka maƙale kusan wata biyu, masu bina kuɗi suna ta sallama a ƙofar shago, sannan na ce wallahi sai na je na gani da idona.

Garin da ake loda mana kaya sunansa Kakinada, a jihar Andhra Pradesh, gabashin Indiya, bakin Tekun Bengal. Yarensu Telugu, don haka ɗan Indiyancin da na tsinta a fim bai fisshe ni ba. Gaɓar tekun jihar ta kai kusan kilomita 1,000. A Visakhapatnam na sauka, inda duwatsu suke gangarowa har bakin ruwa, na hau jirgin ƙasa na yi kudu. Bayan 'yan sa'o'i duwatsun suka ja baya, ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, shinkafa da itatuwan kwakwa iya ganinka.

Manyan koguna biyu ne suke ciyar da wannan fadama: Godavari da Krishna. Kusa da Rajahmundry dillalina ya nuna mini madatsar Dowleswaram, wadda injiniyan Ingila Arthur Cotton ya fara ginawa, aka gama a 1852. Daga nan ake raba ruwan Godavari cikin magudanai zuwa gonaki, shi ya sa manomi yake girbi sau biyu a shekara. Amma ba duk jihar ce haka ba. Yankin Rayalaseema, can kudu maso yamma, ruwa kaɗan yake samu, gyaɗa suka fi nomawa. Da ya kwatanta mini, sai na ce ai wannan Maraɗi ce.

A tashar Kakinada na gane abin da ya ci ni. Manyan jiragen shinkafa ba sa matsowa gaɓa, can cikin ruwa suke tsayawa a bayan wani siririn tsibirin yashi da yake tare igiya. Da manyan kwale-kwalen ƙarfe ake kai musu buhuna. Hadari na haɗuwa, sai a rufe komai a tsaya. Daga Oktoba zuwa Disamba kuwa lokacin guguwar teku ne. Hudhud, wadda ta ragargaza Visakhapatnam, a Oktoban 2014 ta sauka. Ni kuma a daidai irin wannan lokaci na zuba kuɗin mutane, har na yi musu alkawarin rana.

'Yan uwa masu shinkafa a Kwatano da Lome, idan lodinku zai faɗa waɗannan watanni, ku ƙara wata guda a lissafi kafin ku ce wa kowa ga ranar da kaya za su iso. Ni yanzu tun Agusta nake rufe cinikina, in Allah ya hore kuɗi.