Motar Da Ta Ƙi Yin Kuka

Na san wasunku sun ƙosa da jiran ci gaban labarin nan, har da masu tambayar ko lafiya na yi shiru sati uku. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Mota ce ta tsayar da ni, motar ma ta cikin littafi.

Waɗanda suka karanta kashi na farko za su tuna yadda yarinyar nan take gane zuwan masoyinta. Ba ya aiko yaro, ba ya buga waya. Tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta jiyo wani gurnani daga bakin layi, ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗowa daga gabas, sai rariya ta suɓuce mata. Gurnanin Marsandi C63 ne, wadda ta fito a 2008, mai fulogi takwas da injin lita 6.2. Ni dai ban taɓa shigarta ba. Sau ɗaya na ji kukanta a garejin autanmu mai gyaran Marsandi, ina zaune a benci ina jiran saƙon Hajiya aka tayar da ita, wallahi har cikin haƙarƙarina na ji ƙarar. A ranar na ce wannan ce motar tauraron littafina.

To a kashi na biyu, kun san an raba su, an aurar da ita ga wani, yanzu ga ta shekara goma sha biyar baya ta dawo gidan mahaifinta da takaba. Babin da nake ji da shi shi ne ranar da zai dawo. Na tsara zai zo a sabuwar C63, tunda arzikinsa ƙaruwa ya yi, ita kuma tana ɗaki ta ji wannan gurnanin ta miƙe tsaye jiki na rawa. Na rubuta shafi huɗu ina share hawaye, sannan na kira auta don ya faɗa mini launin da ya fi dacewa da ita. Sai ya kwashe da dariya.

"Yaya, ai sabuwar ba ta kuka. Fulogi huɗu ce, lita 2, kamar Corolla. Da batir take tashi, har ya shigo layinku ya faka kaza ba za ta matsa ba."

Na ce to ragwanta aka sa mata ke nan? Ya ce ina, tsohuwar ƙarfin doki 457 gare ta, wannan da aka fito da ita a 2022 kuwa 680, don an haɗa mata turbo da injin lantarki a baya. Ta fi gudu, ta fi nauyi, muryar ce kawai babu. Na ce wane marar tausayi ne ya yi wannan aikin? Ya ce doka. Wannan kalmar ita ta hana ni rubutu sati uku, na koma bin diddigi.

Ashe abin ya samo asali tun kafin a haife ni. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin fetur suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, Amurkawa suka ɗanɗana layin gidan mai irin wanda mu muka girma a cikinsa. A 1975 majalisarsu ta yi doka, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu, cewa daga motocin 1978 kowane kamfani sai motocinsa sun yi mil 18 da galan ɗaya, a 1985 kuma mil 27.5, wato kusan kilomita 12 da lita guda.

Dabarar dokar ita ta fi burge ni. Ba a hana kowa ƙera mota mai zuƙar mai ba. Duk motocin da kamfani ya sayar a shekara ake haɗawa a fitar da matsakaici, in ya gaza a ci shi tara. Kamar gidan da aka auna musu kwanon shinkafa ne, in maigida ya ce sai ya ci malmala uku, dole wani ya kwana da rabi. Duk mota mai fulogi takwas da aka sayar, sai an sayar da ƙanana da yawa sun rufa mata asiri. A 1978 aka ƙara da harajin mota mai haɗama, wanda daga baya ya tsaya a kan duk wadda ba ta kai mil 22.5 ba, daga dala 1,000 har 7,700.

Amma kada in ɗora wa dokar mai laifin da ba nata kaɗai ba. Kafin ta fara aiki dokin ya riga ya durƙusa. Dokar hayaƙi ta 1970, da fetur marar dalma, da tsadar inshora, su suka fara karya shi, ga kuma ma'aunin ƙarfin doki da aka canja a 1972 wanda ya rage lambobin a takarda. Chevelle ta 1970 ana rubuta mata doki 450, Corvette ta 1975 kuwa, motar da samarin Amurka ke mafarki, 165 kacal. Mustang ta 1974 ko zaɓin fulogi takwas ba ta zo da shi ba.

Daga nan sai wasan ɓuya ya fara tsakanin hukuma da masu ƙera mota, kuma ni a nan na fi shan dariya. Corvette ta 1989 an sa mata wata 'yar na'ura, in kana tafiya a hankali ka zo sa giya ta biyu sai ta toshe hanya, ta tura hannunka ta huɗu, duk don a tsallake harajin nan a wurin gwaji. Ka sayi mota da kuɗinka ta riƙa yi maka gardama! A Ingila kuma kamfanin Aston Martin, masu motar James Bond, a 2011 suka ɗauko wata 'yar mitsitsiyar Toyota iQ, suka shimfiɗa mata fata, suka manna tambarinsu, suka sa mata suna Cygnet, don ta ja musu matsakaici ƙasa a lissafin Turai. Ba ta samu kasuwa ba, a 2013 aka daina. Babbar ƙofar da aka bari a buɗe kuwa ita ce ta jif da a-kori-kura, don an sassauta musu ma'auni a Amurka, harajin haɗama ma bai shafe su ba. Sai kamfanoni suka karkata can. Jif-jif ɗin nan da muke cika littattafanmu da su, muna cewa Alhaji ya fito daga wata dalleliya, rabin tarihinsu daga wannan ƙofar ya biyo.

Abin mamaki, matsin nan bai kashe gudu ba. Injiniyoyi suka koma ga kwamfuta mai auna mai ɗigo-ɗigo, da turbo, da injin da ke kashe rabin fuloginsa in an hau miƙaƙƙen titi. A 2015 Dodge ta fito da Challenger Hellcat mai doki 707, abin da mutanen 1970 ko a mafarki ba su gani ba. Sai dai Turai ta ƙara ɗaure igiya: daga 2021 zuwa 2024 matsakaicin hayaƙi giram 95 a kilomita, kowane giram da ya haura tarar yuro 95 a kan kowace mota da aka sayar. Ka lissafa wannan da mota dubu ɗaruruwa, ka ga abin da ya cinye fulogi huɗu daga motar tauraron littafina. Dodge ma ta rufe Challenger a ƙarshen 2023, ta fito da Charger mai lantarki wadda aka ɗaura wa lasifika a baya tana kwaikwayon kukan salansa. Da auta ya nuna mini a waya sai na ji kunya ta kama ni, kamar tsohuwa ta sa haƙorin roba tana gaya wa mutane nata ne. A watan Yuli na 2025 kuma majalisar Amurka ta mayar da tarar dokar man nan sifiri, don su ma ba su gama shawara da kansu ba.

Na so in yi fushi da masu dokar, fushin ya ƙi zama. Mu nan ba wanda ya auna mana galan, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga wajen naira 190 ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. A garejin auta akwai wata jif mai fulogi takwas da mai ita ya kawo gyaran birki, aka gama, ya ce a bar ta nan tukuna. Tayoyinta sun sace, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Ni da nake lissafin kuɗin adaidaita kafin in je gaida Hajiya, da wane bakin zan ce a ƙona lita ashirin don kunnena ya ji daɗi? Amma kuma ƙarya nake in na ce ban ji ciwon rashin muryar nan ba.

Auta ya ba ni shawara in sa shi ya zo a tsohuwar, wai ya adana ta shekara goma sha biyar saboda ita. Na kwana biyu ina juya maganar, na ga ta yi daɗi da yawa, kuma mutumin da na rubuta ba mai adana abu ba ne, da mai adanawa ne da bai bari an aurar da ita ba.

Don haka na yaga shafi huɗun nan. A sabon babin ya zo a sabuwar motarsa, ya faka a ƙofar gida ya fi minti goma yana riƙe da sitiyari, ita kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, kunnenta na bakin layi kamar kullum, ba ta ji komai ba. Sai wani yaro ya leƙo zaure ya ce wai ana sallama da ita.