VOLTRON DA MURYOYIN DA SUKA RENE MU BA MU SAN MASU SU BA

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya, kuma ya tashi a gida mai talabijin, ko kusa da maƙwabci mai haƙuri da yara, in ka ambaci Voltron sai ka ga ya yi murmushi kafin ya ce komai. Mu a Talata Mafara "Boltiron" muke cewa. Lokacin ko jihar Zamfara babu, muna cikin Sakkwato, sai 1996 aka yanke mu. Tasha guda ce, NTA, kuma ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma. Eriya tana can saman dogon ƙarfe, yaro ɗaya yana waje yana juya ta, na cikin ɗaki suna yi masa ihu: "Ya yi! Tsaya nan! Kai, ya ɓace!" Ga fargabar kada a ɗauke wuta, ga bulalar makarantar allo tana jiran wanda ya makara. Duk da haka ba mu fasa ba.

Ga ƙannena da ba su riski zamanin ba, ga labarin a taƙaice. Akwai wata duniya mai suna Arus wadda azzalumin sarki Zarkon ya ragargaza. Yana da ɗa, Lotor, da wata tsohuwar matsafiya, Haggar, mai ƙera masa dodanni. Abin da ya rage wa mutanen Arus shi ne gimbiyarsu Allura, da tsohon wazirinta Coran, da wasu zakuna biyar na ƙarfe da aka ɓoye: ja a cikin dutse mai aman wuta, kore a daji, shuɗi a ƙarƙashin ruwa, ɗorawa a hamada, baƙi kuma a bakin fada. Samari biyar suka zo suka hau su, wato Keith da Lance da Pidge da Hunk da Sven. Da Sven ya ji rauni sai gimbiyar da kanta ta karɓi shuɗin zaki. In faɗa ya yi tsanani sai zakunan su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi guda: baƙi ya zama ƙirji da kai, ja da kore hannuwa, shuɗi da ɗorawa ƙafafu. Sai a zaro takobi a raba dodo gida biyu.

Kullum haka ake ƙarewa, kuma mun san haka za a ƙare, amma ko sau ɗaya ba mu gaji ba. Da an gama sai a fita waje a raba zakuna. Kowa baƙi yake so, don shi ne shugaba. Yaron da ya fi kowa ƙiba Hunk ne ko ya so ko ya ƙi, ƙaramin cikinmu kuma Pidge. Takobi na karan dawa ne. Har gardama muke yi a kan me ya sa Keith ke sa jajayen kaya alhali baƙin zaki yake tuƙawa, Lance kuma shuɗin kaya a cikin jan zaki. Wallahi akwai abokan da suka yi kwana biyu ba sa magana a kan wannan.

To, abin da ya sa na ɗauko zancen ga yau daban ne. Jama'a, Voltron fassara ce. Irin dai fassarar Indiya-Hausa da wasunmu ke rainawa.

Asalinsa katun ne na Japan mai suna GoLion, wanda kamfanin Toei ya yi a 1981, kashi 52. Wani kamfani a birnin St. Louis na Amurka, World Events Productions, ya saye shi ya sake masa riga, aka fara nuna shi a 1984. Masu aikin ba sa jin Japananci, don haka suka zauna suna kallon hoto suna hasashen labarin, suka rubuta sabuwar magana, suka sake sunaye, suka yanke wuraren zubar da jini. A na Japan ɗin, wanda muke kira Sven kashe shi aka yi. Su suka ce a'a, rauni ya ji, an kai shi jinya. Kenan zanen na Japanawa ne, amma halin da muka san kowane jarumi da shi, da tsoron da Haggar ta sa mana, da natsuwar Coran, duk wasu mutane ne suka tsaya gaban makirfo suka hura musu da bakinsu.

Kuma mutanen ba su da yawa. Kusan mutum shida ne suka ɗauki nauyin manyan muryoyin. Neil Ross shi ne Keith, kuma shi ne dai Pidge mai 'yar siririyar muryar nan. Michael Bell shi ne Lance, shi ne Sven. Lennie Weinrib shi ne Hunk mai son abinci, kuma shi ne mugun yarima Lotor. Jack Angel shi ne Zarkon. Peter Cullen, ɗan ƙasar Kanada, shi ne Coran, shi ne mai kakkaurar muryar da ke buɗe shirin, kuma shi ne Optimus Prime na Transformers da 'ya'yanmu suka sani a yau. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce B.J. Ward. Mace ɗaya, ita ce gimbiya Allura mai taushin murya, ita ce kuma Haggar mai dariyar da ke hana mu zuwa bayan gida da dare. Ku tsaya ku yi tunani: a fage guda mace ɗaya tana tsoratar da kanta, tana kuma roƙon a cece ta daga kanta, mu kuwa muna zaune a tabarma ba mu taɓa ko zargi ba. In wannan ba gwaninta ba ce, to mece ce?

Ku tuna fa, mu 'yan firamare ne a lokacin, Turancinmu bai wuce na gaisuwa da ƙirge ba. Rabin abin da suke faɗi ba ma ji. Amma da Zarkon ya buɗe baki mun san mugu ne. Da muryar Allura ta yi rawa mun san an shiga uku. Da Keith ya ɗaga murya mun san lokacin haɗuwa ya yi, sai ka ga yara sun miƙe tsaye. Murya ta isar da saƙon da kalma ba ta isar ba. Weinrib ya mutu a 2006, Jack Angel a 2021, ba tare da sun san akwai wasu yara a wani gari kusa da dam ɗin Bakolori da suka haddace dariyarsu ba. Ga waɗanda ke raye cikinsu, ga godiya daga Zamfara, ko da ta zo a makare.

Mu kuwa bai kamata a koya mana darajar murya ba. Ƙasar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ce fa wannan, wanda Bakura da Maradun kowa ke cewa nasa ne. Amma ga tambaya: cikin masu sauraren waƙoƙinsa kullum a mota da shago, mutum nawa ne za su iya lissafo sunayen 'yan amshinsa? Alhali cire amshin nan ka ji yadda waƙar za ta koma. Halinmu kenan, muna shan romo ba ma tambayar wanda ya hura wuta. Haka muka yi wa 'yan wasan kwaikwayon rediyo. In ban da irin su Samanja, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da yawansu sun tafi ba mu san ko fuskarsu ba. Haka kuma muke yi yau wa samari da 'yan matan da ke ɗora murya a fina-finan Indiya da na Turkiyya, irin aikin da Algaita ta Kano ta shahara da shi. Tsohuwa a ƙauye tana kuka tana dariya saboda muryar wani yaro da ya kwana a ɗakin ɗaukar sauti yana daidaita Hausa da motsin leɓen Ba'indiye, amma in an zo yabo sai a yabi jarumin da bai taɓa jin kalmar Hausa ba.

Wani zai ce, Malam, ana fama da abin da ake fama da shi a Zamfara kai kana zancen katun? Ai saboda abin da ake fama da shi ne ma nake zancen.

Yaron da ke da shekara goma sha biyu yau a Mafara ko Bakura ko Maradun, me idonsa ya gani? Yana ƙarami aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. A Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya. Mu dodanninmu suna cikin akwatin talabijin, in an kashe sun tafi. Nasa dodannin a kan babur suke zuwa. Kuma in ya ari wayar yayansa, abin da zai tarar a TikTok har da waɗannan mutanen suna baje kuɗi da bindiga, ana yi musu tafi a ƙasa. Yaro kuwa dole ya kwaikwayi wani. Mu mun yi faɗa a kan wa zai zama Keith. Ku saurari wasan yaran unguwarku da kyau ku ji sunan wa ake rabawa yanzu. Abin zai dame ku.

Ba na cewa katun zai kawo tsaro. Tsaro aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina tambayarta ba. Amma abin da Voltron ya dasa mana ba ƙarami ba ne: zaki ɗaya ba ya iya dodo, sai biyar sun haɗu. Ƙafa ba ta raina hannu. Mai ƙarfi aikinsa kare marar ƙarfi ne. Azzalumi komai yawan rundunarsa ƙarshensa faɗuwa. Wannan ai tarbiyyarmu ce, "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ne aka zana da launi. Masu cewa akwai tsafi a ciki, ai tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana cike suke da Dodo da mayu da aljanu, kuma a ƙarshe mai gaskiya ne ke tsira. Abin dubawa shi ne wa labarin ya ɗaukaka, wa ya ƙasƙantar.

Kuma ɗauko labarin wasu a sa masa bakin Hausa ba baƙon abu ba ne gare mu. Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, ya tsinto daga Gabas da Yamma ya mayar da su kamar a ƙofar gidanmu aka yi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin wani gwarzon Rasha aka samo tushensa, amma wa ya karanta shi a firamare ya ji ƙanshin baƙunta? Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun kafin a haifi yawancinmu. Ga Ruwan Bagaja, ga Gizo da Ƙoƙi, ga Daskin-da-Riɗi. Kayan miya a cike suke, tukunyar ce ba a ɗora ba.

Wasu sun ɗora tasu. A 2025 aka fara nuna Iyanu, katun da aka gina kan al'adun Yarbawa daga littafin Roye Okupe, kuma 'yan Najeriya ne suka yi muryoyin. Kafin shi Disney ta fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas. Shi kansa Voltron an sake yin sabo a Netflix daga 2016 zuwa 2018. Mu masu harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Zamfara har Agadas da Kumasi, me muka tanadar wa yaranmu?

Ga abin da nake gani, kuma ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Na farko, masu fassara su riƙa rubuta sunayen masu murya a fili, a farko da ƙarshe, mu kuma masu kallo mu riƙa tambaya, mu riƙa yabo da suna. Sana'ar da ba a san mai ita ba ba ta daraja, kuma ba a biyanta da kyau.

Na biyu, zane yana da tsada amma murya ba ta da shi. Gidajen rediyonmu na jiha za su iya ware rabin awa a mako don wasan kwaikwayon yara na jarumta, da Hausarmu ta nan, ba sai an ari ta Kano ba. Muna da matasa a Kwalejin Abdu Gusau da ke iya kwaikwayon muryar kowane malami a makarantar. Wannan baiwa ce, ba shaƙiyanci kawai ba. Akwai kuma masu iya zane da kwamfuta suna zaune ba aiki. A haɗa su mana.

Na uku, mu iyaye. Mai ɗora murya na farko da kowannenmu ya sani kakarsa ce, ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce Dodo, duk a baki ɗaya, kamar dai B.J. Ward. Yau mun miƙa wa yara waya mun juya baya. Ko minti goma ne bayan isha'i, a ajiye waya a yi musu tatsuniya, a canza murya, a ba su tsoro kaɗan, a ba su dariya, a bar mai gaskiya ya yi nasara. Yaron da ya kwana da wannan ba daidai yake da wanda ya kwana da bidiyon bindiga ba.

'Yan zamanina, ku fito ku faɗi gaskiya: wane zaki ne naku, kuma a gidan wa kuke kallo? In mai gidan yana raye ku kai masa gaisuwa, in ya riga mu gidan gaskiya ku yi masa addu'a, don ya yi haƙuri da ƙurar ƙafafunmu. In kuma kun san wani mai ɗora murya da Hausa da ya burge ku, ku ambace shi a yabe shi yana ji.

Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, Ya dawo da waɗanda ke hannu gida, Ya raya mana zuri'a bisa alheri. Amin.