Abin da Likita Ya Rubuta

Litinin

Bayan la'asar aka sauke ƙanena a bakin titin Dambatta, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Kwana huɗu ke nan da inji ya kama masa yatsu biyu a kamfanin casar shinkafar da yake aiki a birni. Inna na ganinsa ta hau salati. Kafin magariba har an yi shirin aika wa mai ɗori, na ce a dakata. Ba raina shi na yi ba, shi ya ɗora ƙafar Baffa ta warke sumul, sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda.

Talata

Na karɓi katin asibitin da aka fara kai shi. An rubuta cewa daga babur ya faɗo. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, shugaban sashenmu ne ya ce in faɗi haka. Wai in na ambaci inji, aikina ya ƙare."

Shugaban ya damƙa masa kuɗin mota, ya ce ya tafi gida ya huta. Abincin dare bai ciwu mini ba.

Laraba

Na wuni ina karanta dokar diyyar ma'aikata ta 2010 a waya. Hukumar NSITF ce ke biyan diyyar, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da masu kamfani ke zubawa, kuma ba a yarda su cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. Har ɗan aikin wucin gadi irin ƙanena dokar ta sa shi a ciki. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfanin ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, neman diyyar kuwa cikin shekara ɗaya. Amma sai in a bakin aiki aka ji raunin, ko a hanyar zuwa aiki ko dawowa, ga shi katinmu yana cewa babur. Jami'an hukumar ba su ga jinin ba, rubutun likita za su gani.

Alhamis

Da sassafe muka koma asibitin, sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Na zayyana wa likita komai.

"Malam," in ji shi, "ni ba na wurin. Abin da mara lafiya ya faɗa nake rubutawa, sai wanda idona ya gani."

Ya kwance bandejin a hankali, audugar ta manne da nama, ƙanena yana cije leɓe. Ya juya hannun, ya duba gwiwar hannu da kafaɗa, babu ko ƙwarzane. Ya ce wanda ya faɗi a kwalta ba ya rasa gurjewa, wannan kuwa matsar ƙarfe ce. Bai goge rubutun farko ba. A ƙarƙashinsa ya sa kwanan wata, ya rubuta sabon bayanin ƙanena da abin da shi ya gani, ya sa hannu. Ya ce a ɗauki hoton ƙashi, ya ba mu takardar zuwa asibitin ƙashi na Dala. Na roƙe shi ya rubuta cewa hannun ya nakasa, ya ce sai ciwon ya warke ake auna abin da aka rasa. Na ji zafin hakan, a hanya kuma na ga gaskiyarsa: ranar da ya ƙara wa wani gishiri, takardarsa ta daina amfanar kowa.

Juma'a

Baffa ya ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na ce haka ne Baffa, amma neman haƙƙi bai hana tawakkali ba. Ya yi shiru, bai kuma hana ba.

Asabar

Yau aka yi gayyar yankan dawa a gonar Inna. Ƙanena ya ɗauki lauje da hagu, ya gwada sau biyu, ya ajiye, ya koma gindin gawo ya zauna. Da wannan hannun yake noma da damina, da shi yake cin rani.

Litinin

Mun kai wa kamfanin takardar sanarwa tare da kwafin rahoton likita, kwana 11 da faruwar abin. Ban bar ofishin ba sai da aka buga hatimi a kan kwafinmu. Ranar Alhamis za mu Dala, in Allah ya kai mu.