Tumatirin Kadawa da Tumatirin Roksi: Abin da Laima Ke Koya wa Manomi

Duk wanda ya shiga kasuwar Guro da ke Roksi, a unguwar Ajame ta birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa, cikin watan Janairu ko Fabrairu, zai tarar da tumatir jibge a akwatunan katako, ja wur, mai tauri, irin wanda idon Bakano ya saba gani. In ya tambayi matan da ke riƙe da kasuwar inda kayan suka fito, za su nuna masa arewa: Burkina Faso, ko tsakiyar Kwaddibuwa, wajen Buwake da Jebonuwa. A nan baƙo yake ɗaure kai. Abijan gari ne na ruwa. Abin da ke sauka a nan cikin shekara ya ninka na Kano, ga damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Me zai sa gari mai wannan ni'ima ya zauna jiran tumatir daga ƙasar da ke kukan fari?

Amsar ita ce ruwan da ya zama ni'ima ga rogo da ayaba, shi ne ajalin tumatir. Wannan gaskiya ce da Hausawa mazauna unguwannin Ajame da Tireshbil ke cin karo da ita duk lokacin da ɗayansu ya yi sha'awar dasa 'yan tsirrai a bokiti ko buhu, a lungun tsakar gidan haya ko a kan bene. Tsiron zai tashi da kuzari, ya yi kore shar, har ya fi na gida saurin girma. Da ya fara fure sai ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo, ya yi rawaya, ya bushe, abin ya riƙa hawa sama har tsiron ya tsaya tsirara. Mai shi ya ce irin ne ba shi da kyau, ko kuwa ƙasar garin ce ba ta karɓar tumatir.

A gida, Arewacin Najeriya, ba mu san wannan damuwa sosai ba, domin lokacin da muke noman tumatir shi kansa kariya ne. Manomin Kadawa, ko Kura, ko Garun Malam, yana dashe ne bayan ɗaukewar damina, ya shayar da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Na Ɗanja a jihar Katsina shi ma bayan damina yake dashe. Ruwa yana bin fangali ya ratsa saiwa, bai taɓa ganye ba. Sanyin hunturu yana sa fure ya kama, busasshiyar iska kuma tana shanye raɓa tun hantsi bai yi ba. Shi ya sa ake dasa irin da manoma ke kira UTC a cunkushe, a bar shi ya kwanta a ƙasa ba sanda ba igiya, kuma ya yi albarka. Abokin gabar manominmu ƙishirwa ce da ƙwaro. Ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekarar kuma ta tsaya don rashin abin niƙawa. Daga irin wannan tarihi muka koyi ɗabi'u biyu: in tsiro ya yi yaushi a ƙara masa ruwa, in ganye ya lalace a yi feshin maganin ƙwari.

Waɗannan ɗabi'u biyu su ne ke kashe tumatir a bakin tekun nan. Iskar Abijan cike take da laima kusan duk shekara, ganye kan kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe. Abin da ke cin sa galibi ba ƙwaro ba ne, ƙwayar cuta ce ta dangin funfuna, wadda masana ke kira Alternaria. Alamarta a bayyane take ga mai lura: tabo mai launin ƙasa-ƙasa, da zobba a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, gefensa kuma rawaya. Tana farawa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, domin ƙwayar tana kwance ne a cikin ƙasa da ragowar tsohuwar shuka. Ɗigon ruwan sama ne ke dukan ƙasa ya fantsama ta a kan ganye, ɗumi da laima su raine ta. Maganin ƙwari ba ya taɓa ta ko kaɗan, ƙarin ruwa kuwa gata ne a gare ta.

Akwai wata cutar ƙonewar ganye da ta fi wannan suna a duniya, wadda ta halaka dankalin Ayalan tun daga 1845 ta jefa ƙasar cikin yunwar da ta ci mutum kusan miliyan ɗaya. Ita sanyi take so haɗe da laima, shi ya sa a Najeriya manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu a tsaunukan Filato suka fi kowa saninta. Zafin Abijan bai cika yi mata daɗi ba. Wadda ta fi ban tsoro a nan ita ce cutar yaushi ta bakteriya, mai zama a cikin ƙasa shekara da shekaru. Tsiro lafiyayye, ganyensa kore, sai a wayi gari ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Bahaushe ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ɗauko bokiti, ruwan da ya zuba kuma ya ɗauki cutar ya kai wa na kusa. Gane ta ba wuya. A yanko ɗan guntun karan daga tushe, a tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau, a jira 'yan mintoci. In aka ga wani farin abu yana zubowa kamar zare, ita ce. Ba feshin da ke warkar da ita. Sai dai a tuge tsiron da saiwarsa, a fitar da ƙasar bokitin daga gidan gaba ɗaya.

Mutanen ƙasar nan da suka iya noman tumatir sun gina aikinsu ne a kan hana ganye jiƙa da hana saiwa haɗuwa da gurɓatacciyar ƙasa. Abu na farko da zai ba ɗan Arewa mamaki shi ne sanda. Kowane tsiro da tasa gora ko igiya, a ɗaure shi ya miƙe, kada reshe ɗaya ya taɓa ƙasa. Ana ba da tazara mai faɗi, kamar kamu ɗaya ko fiye tsakanin tsiro da tsiro, don iska ta ratsa. Ana tsinke ganyayen ƙasa tun kafin su kamu, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon kwakwa don ruwan sama ya daina fantsama ƙasa. Ban ruwa da safe ake yi, a gindi. Butar yayyafi da masu lambun salak ke amfani da ita a gefen gari ba ta tumatir ba ce. Wanda ya sami hali yakan yi wa shukarsa rumfar leda mai haske, a buɗe ta kowane gefe, rana ta shiga ruwan sama ya tsaya a waje.

Iri ma ya bambanta. Wanda aka tatso daga tumatirin kasuwa, ko aka ƙullo a leda daga gida, an zaɓe shi ne don rani. A shagunan kayan noma na nan ana samun irin da aka haɗa musamman don zafi da laima, kamar Mongal da Cobra, masu juriya ga cutar yaushi. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, CNRA, wadda aka kafa a 1998, da hukumar malaman gona ta ANADER, suna wayar da kai a kan irin waɗannan dabaru. Cikinsu har da noman da ba a taɓa ƙasar wurin ba, inda ake shuka a cikin buhu ko leda da aka cika da zaren ɓawon kwakwa. Wannan ya dace da zaman Ajame da Tireshbil, inda tsakar gida siminti ne kuma iyalai da yawa ke raba ta. Muhimmin abu shi ne bokitin ya sami huda isasshe, a ɗora shi a kan bulo, kuma kada a maimaita tumatir a ƙasar da aka cire tumatir, ko attaruhu, ko tattasai, ko gauta, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Albasa ko masara su ne suka dace su biyo baya.

Sai batun feshi, wanda a nan ne na fi jin tsoro. Roksi ta yi suna a Afirka ta Yamma da kasuwar magungunan bakin titi, inda mai ciwo ke sayen ƙwaya ba tare da likita ya duba shi ba, kuma hukuma ta sha kai samame, ciki har da na 2017. Yadda muke yi wa jikinmu haka muke yi wa shuka. Mutum ya je ya ce, “Malam, ba ni maganin tumatir,” a ɗura masa wani ruwa a tsohuwar kwalba, ba suna ba takarda. Ya dawo ya fesa a tsakar gidan da ake girki, yara na rarrafe, gobe kuma a tsinki tumatirin a jefa a miya. Cutar ganyen tana nan, an ƙara guba a kanta.

Maganin funfuna daban yake da maganin ƙwari, kuma aikinsa kariya ne. Yana rufe lafiyayyen ganye, ba ya tayar da wanda ya mutu. Ɗaya daga cikin mafi tsufa a cikinsu shi ne haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa irin ta shafen bango, wanda masanin tsirrai Millardet ya fito da shi a gonakin inabi na Bodo a Faransa wajen 1885, kuma har yau ana amfani da shi da ire-irensa. Akwai kuma mankozeb, wanda ya yaɗu a kasuwanninmu, amma Tarayyar Turai ta janye masa izini a ƙarshen 2020 saboda illarsa ga lafiyar ɗan Adam. Mai tsiro biyar ko goma a gida ba ya bukatarsa. Hannunsa ya ishe shi: ya duba ganye kowace safiya, ya cire wanda ya kamu ya ƙulle a leda ya zubar, ya wanke hannu da wuƙa, kuma kada ya taɓa shuka tana jiƙe. In feshin ya zama dole, ya sayi wanda ke cikin kwalinsa na asali, mai lambar amincewar hukuma, ya kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Ba a komai ne na nan suka fi mu ba. Ranarmu tana ba mu kauɗa, mu yanka tumatir mu shanya ya kai mu damina, abin da laimar Abijan ba za ta bari ba. Yawan amfanin da fadamarmu ke bayarwa a rani, lambun bakin teku ba zai kama ƙafarsa ba. Amma ƙwarewarmu ta rabin shekara ce. Da zarar ruwa ya sauka a Arewa sai tumatir ya yi ƙaranci, kwando ya yi tsadar da uwargida ke komawa ga na gwangwani, daga Kano har kasuwar Mile 12 ta Legas. Cikin dalilan akwai cututtukan nan da manomin Kwaddibuwa ke zaune da su kullum. Watan Agusta a Zariya, ta fuskar ganyen tumatir, bai da nisa da watan Yuni a Abijan.

Don haka kirana biyu ne. 'Yan uwa mazauna Ajame da Tireshbil, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ku yi dashe a ƙarshen ƙaramar damina don tsiron ya yi 'ya'ya tsakanin Disamba da Maris, ku nemi irin da ya dace da laima, ku kafa sanda, ku rufe gindi, ku bar sayen magani a kwalbar da ba ta da suna. Manoman gida kuma, musamman matasan da ke son gwada tumatirin damina a bayan gida, kada ku fara da tambayar wane magani za ku fesa. Ku fara da kunya mai tudu wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, da tazara, da sanda, da iri mai juriya. Wanda ya iya tsare ganyen tumatir daga jiƙa, shi ne zai kai kwando kasuwa a watan da kowa ke nema.